Mamman Nasir: Ministan Sardauna Da Ya Ƙare A Kujerar Babban Alƙali

Duk wanda ya taɓa bin shari'ar gona ko ta gado a Lafiya ya san hanyar tana da tsawo. Ana farawa ne daga kotun yanki, in hukunci bai gamsar ba a ɗaga zuwa ta gaba da ita, daga nan kuma sai Babbar Kotun Jiha, ko Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, ko ta Gargajiya, gwargwadon irin maganar da ake yi. Idan har yanzu da sauran mai ƙorafi, kuma aljihunsa bai huje ba, sai a kama hanyar Makurɗi, inda reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa yake sauraron ƙararrakin Binuwai da Nasarawa. Bayan wannan babu saura sai Kotun Ƙoli a Abuja.

Mai ƙara ba ya tsayawa ya tambayi wanda ya kafa wannan tsani, shi dai damuwarsa gonarsa. Amma kakansa bai san tsanin ba ko kaɗan. A shekarun 1950, sa'ad da Lafiya take cikin Lardin Binuwai, shari'ar talaka tana gaban alƙalin En'e ne ko majalisar Sarki, lauya ba shi da ikon sa ƙafa a wurin, kuma wanda ake kai wa kuka in an ga an kauce shi ne Di'o ko Razdan. Tsakanin wancan zamani da wannan an yi gyare-gyare masu yawa, an yi jayayya, an yi fushi, har an taɓa ficewa daga zauren majalisa. Cikin mutanen da aka yi wannan tafiya da su tun daga farkonta har ta daidaita, da wuya a sami wanda ya riƙe muƙamai daban-daban a cikinta kamar marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina: ya yi lauyan gwamnati, ya yi minista a cikin 'yan siyasa, ya koma ma'aikaci, sa'an nan ya hau kujerar alƙalanci ya shekara goma sha bakwai a kanta.

An haife shi a Katsina ran 2 ga watan Yuli, 1929. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, watau tsohuwar Kwalejin Katsina wadda aka mayar Kaduna a 1938, daga baya aka kai ta Zariya ta zama Barewa. Ya gama a 1947. A wancan lokaci Jihar Arewa ba ta da lauya ɗan ƙasa ko guda, abin da yake da wuyar gaskatawa ga yaran yau da suke ganin lauyoyi jingim a bakin kowace kotu. Dalili kuwa a fili yake: shari'ar da jama'a suka sani tana hannun malamai, ita kuwa ta Turawa ta Turawa ce da 'yan Kudu. Da aka ga mulkin kai yana tafe, sai Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi haiƙan neman samari waɗanda za ta aika Ingila. Sai dai kafin a karɓi mutum a makarantun lauyoyi na Landan a lokacin, ana bukatar ya san harshen Latin, saboda haka aka bi da shi ta Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya koyo. A 1955 aka rantsar da shi lauya a Lincoln's Inn. Shi da Muhammadu Bello, wanda shi ma Bakatsine ne, da Buba Arɗo, da Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilorin, su ne ake lissafawa a sahun farko na lauyoyin Arewa. Ya dawo gida a 1956 aka ba shi aikin lauyan gwamnati.

Rigimar Da Ya Tarar

Ya dawo ne ya tarar da wata tsohuwar rigima ta nuna. Tun zuwan Turawa, dokokin laifi iri biyu suke aiki a Arewa kafaɗa da kafaɗa. Kotunan alƙalai da na sarakuna suna hukunci da mazhabar Malikiyya, in ban da haddin da Turawa suka hana kamar yanke hannu. Kotunan majistare da Babbar Kotu kuwa suna aiki da kundin dokokin laifi na Turawa. Ashe ke nan mutum biyu za su iya aikata laifi iri ɗaya a gari ɗaya, a kashe ɗaya, ɗayan kuwa a ɗaure shi shekaru, bambancin kawai wace kotu aka kai kowannensu.

Abin ya fito fili a 1947, a shari'ar wani mutum mai suna Tsofo Gubba da En'en Gwandu. Kotun Sarkin Gwandu ta same shi da laifin kisan ganganci, ta yanke masa hukuncin kisa. Da magana ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, sai ta rushe hukuncin, bisa hujjar cewa a dokar Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa cikin zafin zuciya ba a kashe shi. Sarakuna da malamai suka ga an yi wa shari'arsu karan tsaye. Aka yi ta yi wa doka kwaskwarima, a 1948, da 1951, da 1956, amma duk ɗinkin da aka yi a nan sai ya ɓarke a can.

A ɗaya gefen kuma ga kukan waɗanda ba Musulmi ba. A wurare irin ƙasar Lafiya, inda Barebari da Hausawa da Fulani suke zaune tare da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi, tambayar wace doka za a yi wa mutum hukunci da ita ba maganar littafi ba ce, maganar wuyansa ce. Hukumar Willink, wadda Gwamnatin Ingila ta naɗa a 1957 don ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu, ta ji irin wannan kuka a Arewa, ta kuma rubuta shi cikin rahotonta na 1958. Turawa suka nuna wa Firimiya, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, cewa ba a shiga mulkin kai da wannan ƙulli ba a warware ba. Aka kuma ce masu zuba jari daga waje ba za su saki jiki da ƙasar da ba a san takamaimai dokarta ba.

Sardauna bai yi gaggawa ba. Ya fara aika wakilai zuwa Sudan da Libiya da Pakistan don su gano yadda ƙasashen Musulmi suka yi da irin wannan matsala. Sa'an nan a 1958 ya kira kwamitin masana shari'a ya zauna a Kaduna. Shugabansa shi ne Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan, da mutum uku na gida: Shettima Kashim Wazirin Barno, da Mista Peter Achimugu na ƙasar Igala, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida. Shawarar da suka bayar ita ce a yi kundin dokar laifi guda ɗaya wanda zai hau kan kowa, a bar wa shari'ar Musulunci da al'adun gargajiya sha'anin aure da saki da gado da makamantansu.

Haka aka sami dokar da jama'a suke kira Final Kod. Majalisa ta zartar da ita a 1959, ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, watau ana gobe za a karɓi 'yancin kai. An ɗauko tsarinta ne daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860. An sa mata wasu sassa don a kwantar wa Musulmi da rai, kamar hukuncin zina da na shan giya ga Musulmi, har da bulalar haddi. A daidai wannan lokaci aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, inda Malam Abubakar Gumi ya fara da mataimakin Alƙalin Alƙalai kafin ya hau kujerar a 1962. Duk da haka malamai da dama ba su taɓa yafe wa wannan ciniki ba, suna ganin an ba da doki an karɓi jaki. Muhawarar da ta sake tashi daga Zamfara a 1999 jikanyar wannan ce.

Shekara Biyar A Lugard Hall

Rubuta doka abu ne mai sauƙi in an gwada shi da sa ɗaruruwan alƙalai su yi aiki da ita. Yawancinsu dattawa ne da suka tashi a kan Risala da Muhtasar da Tuhufa, ba su san Turanci ba, ga shi an miƙa musu littafi mai sashe-sashe da lambobi. Saboda haka ne kwamitin ya ba da shawara cewa da farko dokar ta zama jagora gare su kawai, kada a rushe hukuncinsu don sun tsallake wata ƙaramar ƙa'ida. Aka fassara dokar da Hausa, aka riƙa kwasar alƙalai da muhutai zuwa Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Zariya ana yi musu kwas.

Ana cikin wannan aiki ne, a 1961, Sardauna ya naɗa Mamman Nasir Ministan Shari'a na Jihar Arewa, yana ɗan shekara 32. A tsarin mulkin wancan lokaci minista ɗan majalisa ne, yana zaune a Lugard Hall tare da sauran wakilai, a tsare shi da tambaya ya tashi ya amsa. Kujerar Antoni-Janar kuwa ta ci gaba da zama a hannun Bature. Watau aikin da ya faɗo wa saurayin ministan shi ne mafi ƙaiƙayi: sha'anin kotunan En'e, da alƙalansu, da sarakunan da suke bayansu. Yaro ne a gaban mutanen da wasunsu sun haifi ubansa, ga shi da karatun Ingila wanda dama ake yi wa kallon hadarin kaji. Abin da ya taimake shi shi ne shi ma ɗan gidan sarauta ne, ya san inda ake durƙusawa da inda ake tsayawa. Yana kan wannan kujera kwamitin Abu Rannat ya komo a 1962 don ya duba yadda sabon tsari yake tafiya.

Sai dai ba daidai ba ne a ba da labarin waɗannan shekaru kamar komai lafiya lau. Kotunan En'e na wancan zamani suna ƙarƙashin sarakuna, sarakuna kuwa suna tare da Jam'iyyar Mutanen Arewa mai mulki. 'Yan NEPU na Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da bulala a hannun alƙalai a kan laifin yin lacca ba izini ko zagin manya, kuma ba su da damar kawo lauya. A Lardin Binuwai, magoya bayan Joseph Tarka sun yi irin wannan kuka, musamman bayan tarzomar ƙasar Tibi ta 1960 da ta 1964, wadda hayaƙinta ya kai har maƙwabta. Sabuwar doka ta gyara abin da aka rubuta a takarda, amma ba ta raba alƙali da mai naɗa shi ba. Ministan Shari'a na gwamnatin da aka yi wannan a ƙarƙashinta ba zai fita sarai daga zargi ba, ko da kuwa ba shi ne ya ƙirƙiro tsarin ba, kuma ko da ikon taɓa sarakuna ba a ofishinsa yake ba.

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, ya kashe Sardauna, ya watsa majalisa da ministocinta. Da yawa daga cikinsu suka koma garuruwansu, wasu En'e, wasu kasuwanci. Mamman Nasir yana da abin da mafi yawansu ba su da shi, watau sana'a a hannu. A 1967 ya zama Darektan Gabatar da Ƙararraki na Arewa, wanda ya taɓa zama mai gidan ma'aikata ya dawo ma'aikaci a cikinta. Da Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a watan Mayu na wannan shekara, sai ya zama babban lauyan Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Tsakiyar Arewa, wadda ta haɗa Lardin Zariya da na Katsina. Abin mamaki, gyaran da 'yan siyasa suka kasa, soja ne suka yi shi da dare ɗaya: dokar kotunan yanki ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta rushe kotunan sarakuna, ta ɗauke alƙalai daga hannun En'e ta mayar da su ma'aikatan gwamnatin jiha. Tun daga nan Sarki ya daina yanke hukuncin ɗauri ko na kisa a Arewa, a Lafiya ko a Kano ko a Sakkwato.

Kotun Da Aka Fi Saninsa Da Ita

Bayan da Janar Murtala Muhammed ya hau mulki a 1975, aka yi wa Kotun Ƙoli garambawul, aka naɗa Mamman Nasir da abokin karatunsa Muhammadu Bello alƙalanta. Amma shi bai daɗe a can ba. Tun 1963, lokacin da aka daina kai ƙara Ingila, duk wanda bai yarda da hukuncin Babbar Kotu ba sai ya nufi Kotun Ƙoli a Ikko kai tsaye, in ban da Jihar Yamma wadda ta yi tata kotun ɗaukaka ƙara. Takardu suka yi wa Kotun Ƙoli tsibi, ga nisa, ga tsada. Saboda haka a 1976 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a tsakani, aka ba Mai Shari'a Dan Ibekwe shugabancinta. Da ya rasu a 1978, sai aka ɗora wa Mamman Nasir. A lissafin matsayi, barin Kotun Ƙoli zuwa ta ƙasa da ita kamar saukowa ne daga bene. Muhammadu Bello da ya zauna, ya zama Babban Jojin Nijeriya a 1987. Shi kuwa ya sami abin da ba kowane alƙali yake samu ba, watau jaririyar kotu wadda zai rena da hannunsa har shekara 14.

Shekarar da ya karɓi kotun ita ce shekarar da aka kusa raba gari a kanta. Kwamitin Rotimi Williams da ya rubuta daftarin tsarin mulki ya ba da shawarar a kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya. A Majalisar Tsara Mulki, wadda Mai Shari'a Udo Udoma yake shugabanta, aka ƙi amincewa, wakilai Musulmi masu yawa suka fice daga zaure a watan Afrilu na 1978, sai da Janar Obasanjo ya sa baki suka komo. Sulhun da aka yi shi ne wanda ya shiga tsarin mulkin 1979: ba za a yi kotu dabam ba, amma dole a sami aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci da uku masana dokar gargajiya a cikin Kotun Ɗaukaka Ƙara. Wannan sulhu a takarda layi biyu ne. Wanda zai nemo alƙalan, ya tsara zamansu, ya tabbatar ƙarar gado daga Sakkwato ta faɗa hannun waɗanda suka san fara'ili, shi ne shugaban kotun. Aka yi dace shugaban mutum ne da ya ga irin wannan ciniki tun 1960. A zamaninsa ne kuma kotun ta ƙara rassa, har aka buɗe na Jos cikin shekarun 1980, wanda ya rage wa mutanen Lafiya tafiya, don a lokacin suna cikin Jihar Filato.

Mafi yawan shekarunsa a wannan kujera a ƙarƙashin soja ya yi su, kuma ba zamani ne mai daɗi ga alƙali ba. Dokar soja mai lamba 2 ta 1984 ta ba da ikon tsare mutum ba shari'a, ta kuma hana kotu tambaya. Aka kafa kotunan soja na musamman don tsofaffin 'yan siyasa, har ƙungiyar lauyoyi ta ƙaurace musu. Alƙalan wancan zamani, har da na kotunsa, sun sha suka cewa sun cika sunkuyar da kai ga irin waɗannan dokoki. Masu kare su kuwa suna cewa alƙali ba shi da bindiga, kuma kotun da ta tsira ita ce ta yi amfani daga baya.

Masu ganin ɗan siyasa bai dace da rigar alƙali ba suna da hujja, amma tarihi bai tsaya a gefensu kullum ba. A Amurka, John Marshall ɗan jam'iyya ne na sosai: an zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai daga Jihar Virginia a 1799, ya zama Sakataren Harkokin Waje a 1800, sa'an nan Shugaba John Adams ya naɗa shi Babban Joji a 1801, ana saura 'yan makonni ya bar mulki. Ya shekara 34 a kujerar har ya mutu a 1835, kuma hukuncinsa na 1803 ne ya kafa ƙa'idar cewa kotu tana iya soke dokar majalisa in ta saɓa wa tsarin mulki. Bambancin shi ne, Marshall bai taɓa wayar gari ya ji a rediyo an jingine tsarin mulkin da ya rantse a kansa ba. Mamman Nasir ya ji haka a 1966 yana minista, ya sake ji a ƙarshen 1983 yana alƙali.

Ya yi ritaya a 1992, Mai Shari'a Mustapha Akanbi ya gaje shi. A wannan shekara Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki. Mutumin da aka karɓe wa sarakuna ikon shari'a a gaban idonsa, sai ga shi ya ƙare da rawani, yana sasanta manoma da makiyaya a zaure ba tare da ikon ɗaure kowa ba.

Bai rabu da gwamnati ɗungum ba. Janar Sani Abacha ya ba shi shugabancin kwamitin aiwatar da shirin mayar da mulki ga farar hula, shirin da a cikinsa aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba, 1996, Lafiya ta zama babban birni mai Babbar Kotu tata. Amma shi ne kuma shirin da ya ƙare da jam'iyyu biyar duk sun tsai da Abacha ɗan takararsu a 1998, kafin mutuwarsa ran 8 ga Yuni ta rufe maganar. Wannan aiki bai ƙara wa tsohon alƙalin daraja a idon mutane da yawa ba, kuma masu yabonsa ba su cika tsayawa a kansa ba.

Ya shekara 27 yana Galadima. Allah ya yi masa rasuwa a Katsina ran 13 ga Afrilu, 2019, saura wata uku ya cika shekara 90. Wanda aka naɗa a madadinsa, Mai Shari'a Sadiƙ Abdullahi Mahuta, shi ma tsohon alƙali ne, wanda ya taɓa zama Babban Jojin Jihar Katsina.